Wutar da Ta Tsallaka Gonar Maƙwabci

Karatun yau: Fitowa 22:6 da 2 Sama'ila 12:1-7

 

Wani ɗan'uwa cikin masu sauraronmu ya aiko da tambaya daga Gadarif, a gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha. Ɗan ƙwadago ne. Da damina yana aiki a manyan gonakin dawa da riɗi, da rani kuma yakan shiga daji ya ƙona gawayi ya kai kasuwa. Ya ce ya ji a rediyo cewa ƙanƙarar da ke can ƙarshen duniya tana narkewa, wai kuma hayaƙin da mutane ke tayarwa ne ya jawo haka. Shi kuwa tun da aka haife shi bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai wadda ake sayarwa a sa cikin ruwan sha. To ina ruwansa? In akwai laifi, na wa ne? In kuma yana da hannu a ciki, Allah zai tambaye shi a kan buhun gawayin da yake ciyar da 'ya'yansa da shi?

Na daɗe ina juya wannan tambaya a raina. Ba tasa ba ce shi kaɗai. Taka ce, tawa ce. Amma kafin mu yi maganar laifi, bari mu fara sanin abin da ke faruwa, gama mai shari'a na kirki ba ya yanke hukunci kafin ya ji magana.

A can arewa ƙwarai, a bayan Turai da Rasha da Kanada, akwai wata teku da ake kira Aktik. Sanyi yana daskarar da fuskar ruwanta ya zama ƙanƙara. Da lokacin sanyinsu ƙanƙarar takan yaɗu, da lokacin zafinsu takan ja da baya, sai a watan Satumba ta kai ƙarshen raguwarta, daga nan ta sake yaɗuwa. Haka Allah ya shirya ta, kamar yadda ya shirya mana rani da damina. Tun shekarar 1979 ake auna faɗinta da tauraron ɗan Adam, ba a fasa ba. A shekarun farko, abin da yakan rage a watan Satumba yana kusa da murabba'in kilomita miliyan 7. A Satumbar 2012 abin da ya rage bai wuce miliyan 3.4 ba. Wato kusan rabi ya tafi. Filin da ya ɓace ya fi ƙasar Najeriya sau uku da rabi. Ba kowace shekara ce take sauka haka ba, wata shekarar takan ɗan farfaɗo, amma ba ta ƙara komawa inda take a da ba. A kudancin duniya ma, kewaye da Antaktika, ƙanƙarar teku ta yi raguwar da ba a taɓa aunawa ba a Fabrairun 2023.

Me ya kawo haka? Rana tana ɗumama ƙasa, ƙasa kuma tana mayar da zafin sama. Akwai wasu iskoki cikin sararin da ke kanmu waɗanda ke tare wani kashi na wannan zafi, kamar bargo. Wannan bargo alheri ne na Allah. Ba don shi ba da duniya duka ta daskare. Babba cikin iskokin nan da mutum ke ƙarawa ita ce iskar kabon, wadda ke fita duk inda aka ƙona kwal, ko man fetur, ko gas, ko itace. Akwai kuma metan, wadda ke fita daga cikin shanu da raƙuma da awaki, da fadamun shinkafa, da rijiyoyin mai. Kafin zamanin masana'antu, cikin kowane kashi miliyan na iska, kabon kashi 280 ce. Lokacin da Charles Keeling ya fara awo a kan dutsen Mauna Loa a Hawai a 1958, ta kai kimanin 315. Yau ta wuce 420. Bargo ya yi kauri. Ka san yadda mutum yake ji in an ƙara masa bargo a watan Afrilu.

Ƙanƙara ce ta fi saurin nuna abin. Fara ce, tana mayar da hasken rana kamar farar riga. In ta narke sai baƙin ruwa ya bayyana, shi kuwa shanye zafi yake kamar baƙar riga, zafin ya ƙara narkar da wata ƙanƙarar. Shi ya sa yankin Aktik yake ɗumama kusan sau huɗu fiye da sauran duniya. Kada ka ɗauka narkewarta ce za ta cika teku ta cinye garuruwa. Ƙanƙarar da ke yawo a kan ruwa kamar wadda ke cikin kofi ce, in ta narke kofin ba ya tumbatsa. Wadda ke ƙara ruwan teku ita ce ta kan tudu, irin ta Girinlan. Ba kuwa zan ce maka narkewar ƙanƙara ce ta hana ruwa a gonarka bara ba. Abin da nake cewa shi ne, ita kamar zazzaɓi ce a goshin yaro. Uwa takan taɓa goshi, amma ta san ciwon yana cikin jiki duka. Zafin da ke cin ƙanƙara shi ne zafin da ya sa 2024 ta fi dukan shekarun da aka auna kafin ta zafi, shi ne kuma ke busar da ƙasa da wuri bayan ruwa, yana sa iska ta ɗauki laima mai yawa ta zubar da ita a lokaci ɗaya.

Akwai wani lissafi da ya tsaya mini a rai. A 2016 wasu masana biyu, Dirk Notz da Julienne Stroeve, suka nuna cewa duk tan ɗaya na iskar kabon da aka saki, ko a ina aka sake ta, yana tafiya da kimanin murabba'in mita uku na ƙanƙarar Satumba. Mutumin Amurka, in an raba daidai, yana sakin kimanin tan 14 a shekara. Wato shi kaɗai yana narkar da filin da ya kai ɗaki biyu da rabi kowace shekara. Mutumin Sudan bai kai rabin tan ba. Nasa bai wuce tabarma ɗaya ba. Na mutumin Nijar bai kai haka ba ma. Afirka duka, da mutanenta fiye da biliyan ɗaya, abin da take saki daga ƙona mai da kwal bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba.

Yanzu buɗe Littafi Mai Tsarki, Fitowa sura 22 aya 6. Shari'ar Musa ta yi maganar mutumin da ya kunna wuta, wutar ta kama ƙaya, ta bi ta cinye tarin hatsi ko hatsin da ke tsaye a gonar wani. Hukuncin a fili yake: wanda ya kunna zai biya. Duba da kyau, ɗan'uwana. Ba a ce ya yi nufin ƙona gonar ba. Wataƙila sharar gonarsa yake yi. Wataƙila bai san mai gonar ba, bai ma ga lokacin da wutar ta tsallaka ba, yana gida yana barci. Duk da haka biya ya hau kansa. Dalili kuwa, shi ne ya ci amfanin wutar, wani ya ɗauki hasararta. A wurin Allah rashin ganin wanda ka cuta ba ya wanke ka, nisan wurin ma ba ya wanke ka. Mu mutane ne muke auna laifi da ido: in ban ga jini ba, ban ga hawaye ba, sai in ce ban yi kome ba.

Irin wannan wuta ta taɓa tsallako mana, kuma tsofaffi ba su manta ba. Farin shekarun 1970 da 1980 ya ƙone ƙasashenmu tun daga Senegal har Bahar Maliya. A 1984 da 1985 yunwa ta kashe mutane da dabbobi a Darfur da Kordofan da tuddan gabashin Sudan. Mutanen Habasha suka tsallako iyaka, aka zaunar da wasunsu a sansanin Um Rakuba a ƙasar Gadarif, wanda aka sake buɗewa a 2020 saboda yaƙin Tigray. A lokacin an ɗora laifin a kan talaka, aka ce kiwonsa da saransa ne suka kori ruwa. Daga baya bincike ya nuna cewa sauyin zafin ruwan teku yana da babban hannu, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka taimaka shi ne wani irin hayaƙin ƙibiritu daga masana'antun Turai da Amurka, wanda ya tare hasken rana a arewacin duniya ya tura gajimaren damina kudu. Wanda ya hura wutar masana'anta a can bai taɓa jin sunan Gadarif ba. Amma rumbu ya bushe a nan.

Saboda haka in ka ce manyan ƙasashe ne suka fi laifi, gaskiya ka faɗa, ba kuwa zan rage maka ita ba. Su ma sun amsa da bakinsu. A taron Kopenhagen na 2009 suka yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara ga ƙasashe matalauta kafin 2020, ba su cika a kan lokaci ba. Sai a 2022, a Sharm el-Sheikh ta Masar, aka yarda a kafa asusun biyan hasara. A ganina wannan ba sadaka ba ce, bashi ne, irin na mai wuta a Fitowa. Mai bi yana da iko ya faɗi haka ba tare da jin kunya ba, ikkilisiyoyin waɗannan ƙasashe kuma ya wajaba su faɗa wa shugabanninsu.

Da na tsaya nan, da kai da ni mun rabu muna jin daɗi. Amma karatunmu na biyu bai bar ni in tsaya ba.

Ka tuna yadda annabi Natan ya zo wurin sarki Dawuda da labarin mai arziki wanda yake da garkuna, amma da baƙo ya zo masa sai ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta maƙwabcinsa matalauci ya yanka. Dawuda ya husata ƙwarai, ya yanke hukunci mai tsanani nan take. Fushinsa daidai ne, hukuncinsa ma daidai ne. Abin da bai sani ba shi ne a kansa hukuncin ya faɗa. Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Lissafin rabin tan ɗin nan da na ba ka na mai ne da gas da siminti. Bai haɗa da dajin da aka sare ba. A ƙasa irin Sudan kuwa, yawancin abin da ke tashi sama daga ƙasa yake fitowa, daga saran daji da noma da dabbobi. Itace rumbun kabon ne. In ka sare shi ka ƙona, ka buɗe rumbun.

Dubi tarihin Gadarif kanta. Ƙasarta baƙar laka ce mai ƙarfi, wadda takan tsattsage da rani ta kumbura da damina. A wajen 1944 Turawan Ingila suka fara noman tarakta a yankin Gadambaliya domin ciyar da sojoji. A 1968 gwamnati ta kafa hukumar noman inji, aka yi ta yanka gonaki, ɗaya takan kai eka dubu ko fiye, ana ba 'yan kasuwa da manyan ma'aikata. Ban da waɗannan, wasu suka shiga daji suka share nasu ba tare da takarda ba. Arziki ya samu, ba mai musu. Gadarif ta zama rumbun Sudan, kasuwar riɗinta ta yi suna har ƙasashen waje, kuma dubban iyalai sun ci abinci ta wannan hanya, har da Hausawan da kakanninsu suka tsaya a ƙasar a kan hanyar Makka. Amma yaya aka yi noman? A tumɓuke itace duka domin tarakta ta wuce. A shuka dawa bana, dawa baɗi, dawa baɗin baɗaɗa, ba taki, ba hutu. In ƙasa ta gaji, ƙuduji ya cika ta, sai a bar ta a matsa gaba a sare sabon daji. Dokar gandun daji ta 1989 ta ce a bar kashi 10 cikin 100 na irin waɗannan gonaki ga itatuwa. Mai tafiya a kan hanyoyin Gadarif, da yake ganin fili har iyakar ido ba inuwar da zai tsaya, shi zai gaya maka yadda aka bi dokar. Burtalin makiyaya ya shige cikin gonaki, rigima ta ƙaru tsakanin manomi da mai dabba. Ɗakwarar da ake samun ƙaro a jikinta ta ragu a wurare da yawa.

Ka ga zunubin? Iri ɗaya ne da na can, girma ne ya bambanta. Mutum ya kwashe riba yau, ya bar biya ga wanda ba ya nan lokacin ciniki: makiyayi, ko matar da za ta yi tafiyar rabin yini neman itacen girki, ko jikan da ba a haifa ba tukuna. Mai masana'anta a Turai bai ga fuskarka ba. Kai ma ba ka ga fuskar jikanka ba.

Na san abin da wani zai ce, gama na sha ji a bakin ƙofar majami'a: ruwa na Allah ne, in ya ga dama ya bayar, mutum wane ne da zai taɓa sama? Hakika ruwa na Allah ne. Lafiya ma ta Allah ce, amma wanda ya zuba guba a rijiya ba ya cewa Allah ne ya kashe masu sha. Bayan ruwan tsufana Allah ya yi wa Nuhu alkawari cewa lokacin shuka da na girbi ba za su ƙare ba muddin duniya tana nan, kuma yana riƙe da alkawarinsa. Amma bai yi alkawari cewa gonar da aka wulakanta za ta ci gaba da bayarwa ba. Shi ne ya ba Isra'ila dokar hutun ƙasa a shekara ta bakwai, da suka ƙi, Littafin Tarihi na Biyu ya ce ƙasar ta sami hutunta bayan an kwashe su zuwa Babila. Wani kuma yakan ce ai duniya mai wucewa ce, me zai sa mu damu? Jikinka ma mai wucewa ne, ban ga ka daina ba shi abinci ba.

To, mu koma ga ɗan'uwanmu mai gawayi. Me zan ce masa?

Ba zan ce masa shi ne ya narkar da ƙanƙarar Aktik ba, ƙarya ce. Ba kuwa zan ce ya bar 'ya'yansa da yunwa domin a sami sanyi a wata ƙasa ba. Allah ba ya neman bashin mai arziki a hannun matalauci. Yesu da kansa ya koyar cewa gwargwadon abin da aka danƙa wa mutum, gwargwadon abin da za a nema a hannunsa ke nan. Wanda yake da eka dubu da tarakta, tambayarsa dabam da ta mai gatari ɗaya. Balle yanzu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, musamman bayan an gudu daga Wad Madani a Disambar wannan shekara, Gadarif ta karɓi mutane masu ɗimbin yawa, gas na girki ya yi wuya, kowace tukunya tana neman wuta. Wanda ya kawo gawayi ya biya wata bukata ta gaske. Ni ma da gawayi aka dafa abin da na ci jiya, saboda haka ba daga kan tudu nake magana ba.

Amma kuma ba zan ce masa ba shi da tambaya ba sam. In na ce haka na raina shi, na mai da shi kamar wanda aikinsa ba ya nauyi a gaban Allah. Kafin a sami kilo ɗaya na gawayi a ramin gargajiya, kilo biyar ko fiye na itace ya tafi. Akwai bambanci tsakanin wanda ya ɗebi busasshe da reshe, da wanda ya sare ɗanye daga tushe ya kuma sa wa kututturen wuta domin kada ya sake tsirowa. Akwai bambanci tsakanin wanda ya sari gwargwadon bukatar gidansa, da wanda ya share dajin ƙauye duka domin babbar mota tana jira. Wannan bambanci a hannunsa yake. Ba ya bukatar taron duniya kafin ya yi shi.

Abin ba mafarki ba ne, 'yan'uwanmu na Maradi a Jamhuriyar Nijar sun gwada. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sarewa kowace shekara lokacin sharar gona ba ciyawa ba ne. Toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tun da daɗewa, saiwoyinsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba sai an dasa ba, sai dai a daina kashewa. Da farko an yi masa dariya, gama an saba ganin gona mai tsabta ita ce wadda ba kome a cikinta. Bayan yunwar 1984 wasu suka gwada, maƙwabta suka ga gero ya fi kyau, iska ba ta binne shuka da yashi, ga itacen girki kusa da gida, ga ganyen dabbobi. Aka sa wa abin suna sassaben zamani. Manoma ne da kansu, Musulmi da Kirista, suka yaɗa shi daga gona zuwa gona, har aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a Nijar.

Ƙasar Gadarif ba yashin Maradi ba ce, gonar tarakta kuma ba gonar fartanya ba ce, kada mu ruɗi kanmu. Ɗan ƙwadago ba shi da ikon cewa a bar itace a gonar da ba tasa ba. Wannan magana ce ta mai gona, in kuwa mai gonar yana karanta wannan takarda, ko yana zaune a kujerar gaba ran Lahadi, to kashi goman nan da doka ta ce, da shi nake. Amma akwai bakin gona, akwai gefen rafi, akwai bayan gida, akwai filin majami'a, akwai dajin da ake zuwa saran. A duk waɗannan wurare akwai kututture mai rai.

Ga abin da na rubuta wa ɗan'uwan a ƙarshen amsata. In ka sare, ka bar kututturen, kada ka ƙone shi. In ya yi toho bayan ruwan farko, ka zaɓi uku ko biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran da wuƙa mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawon ya yage. Ka ɗaura tsumma a jiki domin mai wucewa ya san yana da mai shi, ka kuma gaya wa yaran da ke kiwon awaki. Bayan wata uku ko huɗu ka dawo ka sake ragewa. Na roƙe shi in damina ta wuce ya sake rubuto mini, ya gaya mini guda nawa suka tsaya.